Gwiwar Ɗana da Ƙanin Matata Ya Ɓoye Mini

Sabi'u ƙanin matata ya ɓoye mini ɗana. Yaron ya ji rauni a filin ƙwallo yana ƙarƙashin kulawarsa, bai kai shi asibiti ba, bai kawo shi gida ba. Ya ɗora shi a bayan babur ya kai shi wani ƙauye can bayan Kibiya, ya kwantar da shi a zauren mai ɗori. Sannan ya zo har ƙofar gidana ya ce mini wai an ɗauki Nazifi sansanin horo, wai a can ana karɓe wa yara waya, kada mu damu in mun ji shiru. Na sa aka kawo masa ruwa ya sha, har godiya na yi masa.

Sunana Hamisu, direba ne ni. Rano zuwa Kano nake yi tun ina saurayi. Kullum sai motata ta wuce ta ƙofar asibiti, wani lokaci har marasa lafiyar wasu nake saukewa a bakin ƙofa in taya su kama hannu. Da ranar da abin ya faru wani ya ce mini "ɗanka ya faɗi", kafin la'asar yana gaban likita. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Bokona bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na ajiye, amma na iya rubuta abin da ya same ni, kuma na rubuta ne saboda iyayen da yaransu ke bin ƙwallo.

Nazifi shi ne babba a 'ya'yana maza. A Rano ba kowa ya san sunansa na yanka ba, Ɗan Koriya ake ce masa. Tun yana ƙarami ya ƙwallafa rai a kan wani ɗan wasa mutumin Koriya da yake gani a gidan kallo. Ni sunan mutumin ma ya ƙi zama a bakina, sau nawa yana gyara mini ina ɓatawa. Abin da na sani, gajere ne, ba ya gajiya da gudu, haka shi ma Nazifi. Sabi'u, wanda yake kawunsa, shi ne kocin ƙungiyar garinmu, shi ya fara ba shi riga. Daga nan yaron ya buga wa wata ƙungiya a Kano, ya tsallaka Maraɗi ya yi kakar wasa guda, ya dawo da faransancin da bai wuce gaisuwa ba da talabijin da ya saya wa uwarsa, ya koma buga wa ƙungiyar kawunsa. Ban taɓa hana shi ba. Na ce sana'a ce, in dai zai yi salla ya kuma kiyaye ƙwaya.

Yadda na ji labari, a mota ne. Wata tsohuwa ta shiga daga tashar Rano da ƙullin kuka da daddawa za ta kai wa 'yarta a Kano. Mun wuce Bunkure sai ta leƙo ta ce, "Direba, ashe kai ne baban yaron nan mai ƙwallo. Sannu da jinya. Yaya ƙafar tasa?"

Na ce, "Wace ƙafa, Iya?"

Ta ce, "Wanda ke kwance a garinmu wajen Sarkin Ɗori. Ai jiya ma na aika masa kunu. Yaro mai ladabi, sai dai ya rame."

Ita gaisuwa ta yi, kamar yadda kowa zai yi. Ba ta san asiri ta tona ba. Na kai fasinjana Kano don amana ce, ban tsaya lodi ba, na juyo da mota babu kowa a ciki.

Na same shi a kan tabarma, ƙafar dama a miƙe sanƙam, an jera mata kara an ɗaure da tsumma tun daga cinya har ƙauri. Wajen wata guda ke nan yana haka. A gefen zauren ga wata kaza ita ma an karya mata ƙafa an ɗaure, irin yadda masu ɗori ke yi, in kaza ta taka wai mutum ma zai taka. Kazar kuwa ta warke sarai, tana ta tsince-tsince a tsakar gida. Ɗana ko motsa gwiwar ba ya iyawa.

Da ya gan ni sai ya rufe fuska da hannu. Na ce, "Buɗe. Ba dukanka na zo yi ba. Me ya same ka?"

Ya ce ya juya ne zai bi ƙwallo, ƙafar ta kafe a ƙasa, jikin ya tafi, ya ji wani abu ya ce ɗas a cikin gwiwar. Kafin a fito da shi ta kumbura kamar tulu. Na ce to me ya hana asibiti? Ya ce, "Kawu ne ya ce akwai wani ejan, dillalin 'yan wasa, da zai kai ni gwaji ƙasar waje bayan salla. Ya ce in aka je asibiti yanka za su yi, kuma ɗan wasan da aka ga tabon aiki a gwiwarsa babu mai sayensa. Ya ce a nan za a gyara babu tabo, babu wanda zai sani, har kai."

"Har ni," na ce. 

Mai ɗorin dattijo ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya fito ya gaishe ni, ya ce, "Malam Hamisu, ni tun ranar na gaya wa mai kawo shi ban ji karaya ba. Ya ce in dai ɗaure. Na ce ina uban yaron, ya ce kai ka aiko shi." Ya ciyar da ɗana da hatsinsa, ya sa ana kama shi zuwa bayan gida. Na gode masa a kan wannan. Amma na ce masa, "Baba, abin da hannunka bai ji ba, da ba ka ɗaure ba." Bai musa ba. Shi da kansa ya kwance karan.

A nan na ga aikin da aka yi mini. Cinyar ta tsotse ta koma kamar ta yaro ɗan firamare. Gwiwar ta sandare kamar an zuba mata siminti. Na yi ƙoƙarin zaunar da shi a gaban mota, ƙafar ta ƙi shiga. Sai a layin baya muka shimfiɗe shi, shi kaɗai a kujerar mutum huɗu.

Satin farko a gida, uwarsa Hajara ba ta ce uffan a kan ƙaninta ba, ni ma ban tsokano ba. Ruwan zafi take dafawa tana gasa masa, tana juya fuska in hawaye ya zo. 'Yan dubiya kuwa kowa da asibitinsa a baki. Yayata ta ce jifa ne, abokan wasansa ne suka ga zai fita waje, a nemo rubutu. Wani maƙwabci ya kawo man jimina a kwalbar turare. Wani ya ce a mayar da shi wajen wani mai ɗorin a Saji, wai na farkon ne hannunsa bai kai ba. Na karɓi addu'ar kowa, rubutun ma ya sha don sunan Allah ne. Amma na ce ƙafar nan ba wanda zai ƙara ɗaure ta.

A asibitin garinmu aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiya lau, babu ko tsagewa, aka ba mu takarda zuwa wani babban asibiti a Kano. Sati na biyu da na uku a layi suka ƙare. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma in ka kai gaba a ce fayil bai iso ba. Yaro mai ƙafa a miƙe ba ya iya zama a benci sai ya tare hanya, kowa ya zo wucewa sai ya yi tuntuɓe da shi ya ce sannu. Sai da aka sa shi a wata na'ura mai kama da rami, wadda kuɗin shigarta kaɗai ya cinye gyaɗar da na noma a bara, sannan aka ga abin.

Likitan ba ya da yawan fara'a, amma ya yi mini magana yadda zan gane. Ya ce a cikin gwiwa akwai igiya da ke riƙe ƙashin sama da na ƙasa, ita ce ta tsinke, kuma ko shekara aka yi ana ɗaure da kara ba za ta haɗe ba. Ya tambayi wanda ya sa aka miƙar da ƙafar tsawon wannan lokaci. Na ce kawunsa. Ya cire tabarau ya kalle ni, ya mayar. Sai ya faɗi maganar da ta zauna mini: "Yanzu ciwo biyu gare shi, wanda ƙwallo ta ji masa da wanda aka ji masa. Ba zan taɓa na farko ba sai na biyu ya warke. Sai ta lanƙwasu kafin mu yi aiki."

Na ce, "Likita, in ba ta lanƙwasu ba fa?"

Ya ce, "Haka zai yi ta jan ta."

Ni a lokacin ba ƙwallo ce a raina ba. Yaro ne da bai yi aure ba. Ina tunanin yadda zai yi sujada, yadda zai tsuguna, yadda zai hau babur, yadda zai duƙa a gona in ƙwallon ta ƙi. A kujera yake salla kamar tsoho, kakansa na gefensa yana kai goshi ƙasa.

Aka tura mu sashen gashin ƙashi. A can wata ma'aikaciya ce ta karɓe shi, 'yar siririya, in ka gan ta sai ka ce ba za ta iya ɗaga bokiti ba. Ita ce ta fi kowa sa ɗana kuka, kuma ita na fi gode wa. Takan kwantar da shi rub da ciki, ta kama dunduniyar ta riƙa turawa, ni ina danne kafaɗunsa. Yana cewa, "Anti, ki bari, wallahi za ta karye." Ita kuwa sai ta ce, "Ɗan Koriya, a filin ma haka kake raki? Baba, danne shi da kyau." In an gama duk mu ukun gumi muke yi. Ta koya mini yadda zan yi masa a gida safe da yamma, na kuwa yi, ko yana zagina a zuci.

Duk ranar asibiti layin baya nasa ne. Abokan aikina a tasha suka samu abin tsokana. "Hamisu, yau ma Alhaji ya sayi layin baya?" "A buɗe wa Ɗan Koriya ƙofa, ya sauka daga jirgi." Amma su ɗin ne suka riƙa bar mini lodi ba layina ba don in samu in fita da wuri, kuma da maganar aiki ta taso, su suka haɗa abin da suka haɗa suka kawo har gida ba tare da na roƙa ba. Allah ya saka musu.

Da mota nake auna sauƙinsa. Wajen sati na shida ya dawo kujerar gaba, an tura ta baya har ƙarshe. Bayan wani lokaci na fara matso da ita kaɗan kaɗan ba tare da na gaya masa ba. A wannan zirga-zirgar ce na haddace tarihin mutumin Koriyar nan, don Nazifi ba shi da wata hira. Wai a makaranta ya fara, ƙungiyar garinsu ta ɗauke shi, ya ci musu kofi, Japan suka saye shi. Daga can ya tafi Turai, ya sha zaman benci da sanyi, ba ya jin yarensu, abincinsu ba ya masa daɗi. Ya samu shiga, ya yi suna, ya koma gida ya yi aikin soja don su a can dole ne, ya sake fita, daga ƙarshe ya dawo ƙungiyarsa ta farko ya ƙare wasa a gaban iyayensa. Na ji wannan ya fi a ƙirga.

Da gwiwar ta lanƙwasu yadda likita ke so, aka ce a sa ranar aiki. A nan yaron ya tubure. Ya ce shi ba za a yanka shi ba, ai yanzu yana takawa, a bar shi haka. Maganar kawunsa ce ke cinsa har yanzu, ta tabo. 'Yan uwa kuma suka taya shi, wai gwiwa in wuƙa ta shige ta ta tashi aiki. Likita ya riga ya gaya mana in ba a gyara igiyar ba, tafiya zai yi, amma duk ranar da ya juya da gudu za ta zame ta kayar da shi. Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ƙi.

Rannan muna dawowa, ya sake ɗauko tarihin mutuminsa. Na bar shi har ya kai Turai, sai na ce, "Tsaya. Kullum in ka zo nan sai ka ce ya fara haskawa, sai kuma ka ce bayan shekara ya dawo fili. Shekarar nan da kake tsallakewa, ina ya shiga?"

Ya ce, "Rauni ya ji."

"A ina?"

Ya kalli taga. "Gwiwa."

"Wane mai ɗorin aka kai shi?"

"Baba, ai su ba su da wannan."

"To me aka yi masa?"

"Aiki."

"Bayan aikin, an ƙara sayensa ko an kore shi?"

Ya shafa gwiwarsa. Sannan ya ce, "An saye shi. Har sau biyu."

Na ce, "To kai da ka san wannan tun kana yaro, ka bar Sabi'u, wanda iyakar fitarsa waje Maraɗi ce, ita ma a motata, ya gaya maka abin da Turawa ke saya?"

Wani fasinja a baya ya yi dariya. Nazifi bai yi ba. Amma da muka iso gida ya ce wa uwarsa ta wanke masa kayan da zai kwanta da su a asibiti.

An ɗaga ranar aikin har sau biyu, sau ɗaya don an kawo waɗanda suka yi haɗari, wannan ban yi ƙorafi ba, ni direba ne. Ɗayan kuwa har yau ba wanda ya gaya mini dalili. Magani rabi a ciki rabi sai ka tsallaka titi, bayan gidan majinyata kuwa kada Allah ya maimaita. Ragon da na ajiye don layya ya tafi, tayoyin da na yi niyyar canzawa suka ƙara wata uku suna bin titi a sule. Amma aikin ya yi kyau. Da aka fito da shi, tabon da aka tayar mana da hankali a kansa bai kai tsawon ɗan yatsana ba, sai wasu 'yan ɗigo a gefe. Hajara ta kalla ta ce, "A kan wannan?" Shi ne karo na farko da na ji ta yi maganar ƙaninta, kuma ba ta ƙara ba.

Duk zamanmu a asibiti Sabi'u bai taka ba. Lemo ya aiko a leda, na ba majinyacin gadon kusa. Surukata ta zo dubiya, ta ja ni gefe ta ce, "Hamisu, ɗan uwa ne, kuskure ne, a duba zumunci." Na durƙusa na ce, "Hajiya, na ji." Iyakar abin da na ce ke nan, don ba zan yi wa babba musu ba, ba kuma zan yi mata ƙarya ba.

Bayan aiki aka koma hannun Anti, aka sake sabon kuka. Sanda biyu, sanda ɗaya, babu sanda. Keken motsa jiki na tsaye, sai tafiya a bayan gari wajen duwatsu, sai sassarfa. Ranar da ya fara kai goshi ƙasa a masallacin unguwa ina sahun bayansa, ban san me liman ya karanta ba, ƙafar kawai nake kallo. Zaman tahiya har yanzu da ɗan saura, yakan karkace kaɗan. Likita ya ce wannan kason na wata gudan da aka ɗaure shi ne, wataƙila ya tafi, wataƙila ya zauna. Ejan da ake ta magana ko sau ɗaya bai kira ba. Kusan shekara ta zagayo kafin aka ba shi izinin taɓa ƙwallo, yanzu kuma tsohuwar ƙungiyarsa ta Kano ta ce ya zo ya fara atisaye a hankali, sun ga tabon, ba su ce komai ba.

Ga wanda yaronsa ke wasa: in ya ce ya ji ƙara a gwiwa kuma ta kumbura nan take, ko yana takawa, a yi hoto. Mai ɗori na karaya ne, ba na raina shi. Kuma duk kocin da ya ce maka an karɓe wa ɗanka waya, ka ce ya kira maka shi a tasa wayar, a gabanka.

Da labari ya kai wa Sabi'u cewa Nazifi na gudu, sai ga shi a tasha da hantsi, ina jiran lodi, direbobi na zaune a benci. Ya rusuna ya ce, "Yaya Hamisu, barka da arziki. Wallahi alheri na nufa. Na ce ko za a bar shi ya dawo mana, akwai gasar da za mu shiga."

Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Sabi'u, gaisuwa ba zan hana ka ba, gidana ma ba zan hana ka ba, yayarka ce a ciki. Ɗana zai buga ƙwallo, amma ba a hannunka ba. Kuma ka ji da kyau. Filinka a bakin titi yake, ina wucewa ta nan safe da yamma, na san uban kowane yaro da ke cikinsa. Duk wanda ya faɗi a wurin nan daga yau, kafin ka tayar da babur na riga ka isa ƙofar gidansu."